Na'urar Ji Ba Ta Amfani Sai An Yi wa Kunne Awo

A gidaje da dama akwai na'urar taimaka wa ji da 'ya'ya suka haɗa kuɗi suka saya wa mahaifinsu, ya sa ta 'yan kwanaki, daga nan ta koma ƙasan akwati. In aka tambaye shi, amsar takan zo iri ɗaya: "Hayaniya kawai take ƙara mini." Wani ya ce fito take yi masa a kunne, wani ya ce cizonsa take yi. Sai iyali su ɗauka rigimar tsufa ce. Sau da yawa kuwa dattijon ne ke da gaskiya, domin an miƙa masa na'urar ne ba tare da an gwada jinsa an saita ta a kan kunnensa ba.

Raunin ji ba ya sauka a kan dukkan sautuka bai ɗaya. Wanda tsufa ko ƙarar injin niƙa ya taɓa wa kunne, siraran sautuka ne ke fara ɓace masa, irin su s, sh, ts da f, alhali wasula da kaurin murya suna shiga yadda suka saba. Shi ya sa za ka ji yana cewa, "Ina jin kana magana, amma ban san me kake faɗa ba." In aka kawo na'urar da ke ɗaga kowane sauti daidai wa daida, irin waɗanda ake sayarwa a kasuwa da ɗan abin murɗawa guda ɗaya, ƙugin janareta da na babur su ne za su ƙara ƙarfi, baƙaƙen da yake nema kuma su nutse a ciki.

Akwai wani abu da ke rikita iyali. Kunnen da ƙananan ƙwayoyin jinsa na can ciki suka lalace ba ya jin sauti mai taushi, amma da ƙara ta ɗan yi ƙarfi sai ta zame masa azaba. Ka yi wa Baba magana a hankali bai ji ba, ka ɗaga murya ya ce, "Kai, me ya sa kake yi mini tsawa?" Ba wulaƙanci yake yi ba. Tazarar da ke tsakanin abin da ba ya ji da abin da ke damunsa ce ta tsuke. Na'ura mai kyau takan ɗaga sauti mai taushi sosai, ta ɗaga matsakaici kaɗan, ta kuma danne mai ƙarfi kada ya wuce iyaka. Wannan iyakar ta bambanta daga mutum zuwa mutum, har ma daga kunnen dama zuwa na hagu.

Saboda haka aikin yana farawa da leƙa kunne. Wani lokaci dauɗar kunne ce ta toshe hanya, a cire ta ji ya dawo, ba a bukatar sayen komai. Wani kuma kunnensa na zubar da mugunya, to wannan magani yake bukata tukuna, don toshe irin wannan kunne da roba ƙara masa ciwo ne. Bayan nan sai gwaji: a shigar da mutum ɗaki marar hayaniya, a sa masa abin sauraro, a riƙa sako masa sauti ɗaya bayan ɗaya, daga mai kauri da ke kaɗawa sau 250 a daƙiƙa zuwa siriri mai kaɗawa sau 8000, yana ɗaga hannu duk sanda ya ji. Zanen da ke fitowa daga wannan gwaji shi ake shigarwa kwamfuta, ita kuma ta lissafa ƙarfin da za a ba kowane sauti. Lissafin da aka fi amfani da su biyu ne: NAL-NL2 na wata cibiyar bincike ta ƙasar Ostareliya, da DSL da aka samar a Kanada, wanda aka fi ɗauka wajen yara.

Sai matakin da aka fi tsallakewa, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan aikin. Lissafin kwamfuta an gina shi ne a kan matsakaicin kunne, kowa kuwa da irin ramin kunnensa. Tsawonsa wajen santimita 2.5 ne a jikin babba, amma faɗinsa da lanƙwasarsa sun sha bamban, kuma su ke sauya sautin da ke isa dodon kunne. Don haka ƙwararre kan zura wani siririn bututu mai laushi cikin kunne har kusa da dodon, ya sa na'urar a kai, ya kunna magana daga lasifika, ya duba a allo ainihin abin da ke isa ciki. Inda ya gaza ya ƙara, inda ya zarce ya rage. 'Yan mintoci ne, ba zafi, sai ɗan cakulkuli. Tambayar "Yaya kake ji yanzu?" ita kaɗai ba ta wadatar, domin wanda ya shekara goma bai ji ƙarar takarda ba ya manta yadda sauti ya kamata ya kasance.

Maganar zama a kunne kuma ta robar da ke shiga rami ce. Ga mai rauni sosai, akan cusa 'yar auduga mai zare don kare dodon kunne, a ɗura wani kwaɓi mai laushi, ya daskare cikin 'yan mintoci, a zaro shi da siffar kunnen, a kai a zuba roba a kansa. In robar ta yi sako-sako, sauti ya tsiyayo waje ya koma cikin makirfon na'urar, sai fito ya tashi. Dalili ɗaya ne da ihun da lasifikar masallaci ke yi in ladan ya matso da makirfo kusa da ita. In kuma ta matse, sai ta goge fata ta yi gyambo. Bai kamata kowa ya daure wa wannan ba, gurza wurin kaɗan ko sake zubi shi ne maganinsa. Wani kuma muryarsa ce ke kumbura masa cikin kai, tauna ƙuli-ƙuli ta cika masa kunne. Wannan daga toshewar rami ne, akan huda 'yar kafar iska a jikin robar ko a faɗaɗa wadda ke akwai.

Ko an yi duk wannan daidai, makonnin farko akwai wuya. Ƙarar cokali a kwano, shara a tsakar gida, kukan kaji, duk za su dawo lokaci ɗaya, kuma ƙwaƙwalwa ta daɗe da barin tace su. Sabo yana zuwa ne da sawa kullum, a fara a gida, sannan majalisa, kafin a shiga kasuwa. Wanda ke ajiye ta sai ranar Juma'a ko ɗaurin aure ya zaɓi wuri mafi hayaniya da kunnen da bai saba ba. Iyali ma da nasu aikin: a fuskanci mutum in za a yi masa magana, a daina ƙwala masa kira daga wani ɗaki.

Akwai kuma abubuwan da takardar kamfani ba ta san da su ba. Alwala sau biyar a yini tana nufin cirewa da mayarwa sau biyar, a kuma bari kunne ya bushe kafin a mayar, don haka dole tsoho ya iya sa ta da hannunsa tun kafin ya bar asibiti. Hijabi da rawani suna gogar makirfon da ke bayan kunne, su kawo shu-shu ko fito. Hajiya ta je wurin saiti da irin lulluɓin da take yi kullum, a gwada da shi. Ƙurar hunturu tana toshe kafofi, gumin bazara yana cin ƙarfe, sai a riƙa goge ta da busasshen ƙyalle a kwantar da ita cikin gwangwani mai abin tsotse danshi. Ƙananan batiran na'urar kuma da iska suke aiki, shi ya sa ake ɓare takardar bayansu a jira kamar minti ɗaya. A nisanta su da yara, haɗiye su haɗari ne na gaggawa.

Yara su ne abin tausayi, musamman a arewa inda sanƙarau da ƙyanda suka kurmantar da da yawa. Kunnen jariri ƙarami ne, ƙarfin da ya dace da babba ya yi masa yawa, ga shi ba zai iya cewa ta dame shi ba. Kunnen kuma girma yake, don haka robarsa sai an sake ta bayan 'yan watanni. Uwa ta ji na'urar ɗanta ta fara fito, alama ce lokacin sabon zubi ya yi.

Matsalar ita ce ƙarancin masu wannan aiki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum miliyan 430 ne ke bukatar taimako kan raunin ji, kuma kashi 17 cikin 100 kacal na masu bukatar na'ura ke amfani da ita. A Najeriya akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da sassan kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Mai zuwa daga ƙauye mai nisa ya sani tun farko cewa zuwa ɗaya ba ya isa. Masu rabon na'urori kyauta ma ya kamata su tsara wanda zai duba mutane bayan an watse taro. Kafin a biya kuɗi a ko'ina, a tambaya ko za a auna sautin a cikin kunne, ko kuɗin ya haɗa da dawowa gyaran saiti, da kuma inda za a samu batir da sabuwar roba in wannan ta tsage.