Ɗakin Waƙa na Mutanen Koriya

A Koriya ta Kudu akwai wurin da su ke kira noraebang. Norae waƙa ke nan, bang kuwa ɗaki. A birnin Busan aka fara shi, a 1991. Abokai su kan yi hayar ɗan ɗaki na awa guda, su rufe ƙofa, na'ura na kiɗa, baitoci na fitowa a allo, kowa ya rera nasa. Mai koyon harshen sai ya riƙe sijak, watau fara, da chwiso, watau soke, gama da su a ke sarrafa na'urar.

Rufe ƙofar nan ya fi ba ni sha'awa. Yaranmu na Agege su kan rubuta Turanci daidai, amma kunyar aji ta kan ɗaure musu harshe. Mu gwada ba su waƙa, su biyar-biyar, a gindin itace.