Sifanar Guduma: Ƙarfi da Mizani

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake haɗa manyan bututun mai, ko ake gyaran injin jirgin ruwa, ya ga wata gajeriyar sifana mai kauri, wadda bakinta ke zagaye noti, gindinta kuwa dunƙulalle ne kamar maƙera, domin ba da hannu ake janta ba, da guduma ake dukanta. Hikimar ƙirarta a bayyane take ga mai lissafi, gama mutumin da ya ɗora nauyin kilo 50 a kan sanda mai tsawon mita ɗaya ba zai samar da ƙarfin murɗawa fiye da kimanin nutan-mita 490 ba, alhali bol mai kaurin milimita 36, na daraja 8.8, yana bukatar sama da 2,000. Abin da dantse ya gaza kawowa a hankali, guduma kan tara shi ta sauke cikin ƙiftawar ido.

Sai dai mas'alar da ta wajaba a fahimta ita ce, guduma tana ba da ƙarfi amma ba ta ba da labarin adadinsa, domin bugun safe ba ɗaya yake da bugun wanda ya gaji da la'asar ba. Bugu da ƙari, maƙasudin ɗaurin shi ne bol ya miƙe kaɗan kamar tsirkiyar baka, ya matse ƙarafan biyu, amma galibi kashi 90 cikin 100 na ƙarfin yana ƙarewa ne wajen gogayyar zare da fuskar noti, har ya zama mai tsatsa ya ƙi motsi tun bai ɗauru ba, mai giris kuwa ya zarce haddi har ya tsinke.

Saboda haka ma'abota sana'ar suka shimfiɗa ƙa'ida wadda ke fitar da aiki daga zato zuwa kusa da yaƙini: a fara matse noti har ƙarafan su haɗu sarai, a ja layi da alli a kansa da jikin ƙarfen, sa'an nan a buga har ya juya sulusin zagaye, wato fuska biyu cikin shida, idan tsawon bol bai wuce kaurinsa sau huɗu ba, ko rabin zagaye idan ya wuce haka amma bai zarce sau takwas ba.

Lalle ya kamata kowane ubangida ya koya wa almajiransa wannan ƙa'ida, ya kuma hana su riƙe sifana da hannu lokacin bugu, sai dai da igiya, domin notin da aka ɗaura amana ce ta rayukan waɗanda za su yi aiki a ƙarƙashinsa.