Me Ke Hana Na'urori Biyu Fahimtar Juna?

Mai sha'awar haɗe-haɗen lantarki a Samaru yakan shiga mota zuwa Sabon Gari, ya sayo waya da dalma da zaren fitilun nan masu sauya launi, da niyyar ƙawata zauren makaranta ranar baje kolin kimiyya. A ce ga ɗalibai biyu da suka yi haka da kuɗin da suka tara. Sun tanadi ƙananan alluna biyu na Arduino, wato na'urar da aka fara ƙerawa a garin Ivrea na Italiya a 2005. Allo na farko yana kan tebur yana ba da umarni, na biyu kuma yana sarrafa ƙwayaye 300 na fitilar WS2812B. Kowane allo yana aiki lafiya shi kaɗai, amma da aka haɗa su sai fitilun suka yi tsit, ga shi kuwa saura kwana biyu.

Hanyar da allunan ke zantawa tsohuwa ce, ta samo asali daga wayar tangaraho. Saƙo yana bin waya ɗaya, ɗigo bayan ɗigo, kowane ɗigo ko 0 ne ko 1, shi ake kira bit. Alal misali, harafin A lambarsa 65 ce, wato 01000001. Mai aikawa yakan sa bit ɗaya a gaba don sallama, ɗaya a baya don rufewa, sun zama goma ke nan. Babu wata wayar agogo a tsakani, saboda haka tilas ɓangarorin biyu su amince da sauri ɗaya tun farko. Ma'aunin saurin shi ne baud, an ɗauko sunan daga Emile Baudot, injiniyan tangaraho na Faransa. A kan baud 9600, harafi 960 ke wucewa a daƙiƙa guda. Idan wannan allo yana kan 9600 wancan yana kan 115200, abin da zai fito a fuskar kwamfuta tarkacen alamomi ne marasa ma'ana. Wannan shi ne ciwo mafi sauƙin ganewa, kuma gyara lamba ɗaya ke warkar da shi.

Sai batun wayoyi. Ƙafar da aka rubuta wa TX baki ce, wadda aka rubuta wa RX kunne ce, don haka TX na wannan allo zai tafi RX na wancan. Wanda ya haɗa TX da TX ya haɗa baki da baki. Gwaji mai sauƙi shi ne a ɗauki 'yar na'urar da ke haɗa kwamfuta da allo, a jona TX ɗinta da RX ɗinta. Idan abin da aka buga ya dawo, lafiyarta ƙalau.

Kuskuren da ya fi wahalar da ɗalibai shi ne mantawa da waya ta uku, ta GND. Ƙarfin lantarki bambanci ne tsakanin wurare biyu, ba abu ne mai tsayuwa shi kaɗai ba. Ɗaliban ilmin halittu sun san haka ko da ba su lura ba, domin milibolt 70 ƙasa da sifiri da ake cewa ƙwayar jijiya tana da shi lokacin hutu, an auna shi ne tsakanin cikin ƙwayar da wajenta. Idan allo ɗaya yana shan wuta daga kwamfuta, ɗayan daga cajar waya, kuma ba a haɗa GND ɗinsu ba, to bolt 5 na wannan ba shi da ma'auni a wajen wancan. Haka nan a kula da allunan da ƙarfinsu ya bambanta: Arduino Uno yana aiki da bolt 5, ESP32 da 3.3, tsohon tsarin RS-232 na 1960 kuwa yana iya kaiwa 15, abin da zai ƙona ƙafar allo nan take.

To, a ce ɗaliban nan sun gyara duk wannan, fitilun sun kama, amma umarni ɗaya cikin kaɗan yana ɓacewa. An ce ja, sai a ga kore bai gusa ba. A nan ne akan zargi mai shagon da ya sayar da kayan, alhali lissafi ne ya kamata a yi. Kowace ƙwayar WS2812B tana karɓar bit 24, cikin kashi 30 na miliyan na daƙiƙa. Ƙwayaye 300 za su ci kashi 9 cikin dubu. Aikin yana bukatar daidaiton lokaci ƙwarai, shi ya sa Uno yakan toshe kunnensa har ya gama. A ɗan wannan tsakanin haruffa takwas ko tara sun iso, ma'ajiyar da ke bakin ƙofar kuwa biyu ko uku kawai take riƙewa, sauran sun zube. Ƙara saurin baud, wanda shi mutane suka fi garzayawa su yi, ƙara ɓarnar yake yi. Maganin shi ne a koya wa allunan ladabin zance: mai fitilu ya aika da harafi ɗaya mai nufin ya shirya, mai umarni kuma kada ya ce uffan sai ya ji wannan harafin.

Akwai kuma yunwar wuta. Ƙwaya ɗaya tana iya jan miliamfiya 60 idan ta yi fari fat, 300 ke nan za su nemi amfiya 18, cajar waya kuwa ɗaya ko biyu take bayarwa. Da zarar fitilun sun haska sai ƙarfin ya faɗi, allon ya mutu ya sake tashi, a zaci saƙo ne ya lalace. Dole fitilun su sami tushen wutarsu dabam, amma GND ɗaya da na allon.

Idan tazarar ta wuce 'yan mitoci, kamar daga dandamali zuwa ƙarshen zaure, doguwar waya takan kwaso hayaniyar lantarki, musamman kusa da janareto. Masu fitilun gidajen wasan kwaikwayo a Amurka sun shawo kan wannan da tsarin DMX512 na 1986, wanda ke tafiya bisa RS-485. Wayoyi biyu ne murɗaɗɗu ke ɗauke da saƙo ɗaya, ɗaya kishiyar ɗaya, mai karɓa kuma bambancinsu yake karantawa, don haka hayaniyar da ta shige su tare ba ta tasiri. Ɗan guntun MAX485 a kowane ɓangare, da rizisto mai om 120 a ƙarshen layin, sun isa su kai umarnin ɗaliban ɗaruruwan mitoci.