Bayani a Kan Jinin da Ba Ya Daskarewa da Aikin Gaɓoɓi

Bismillahi. Bayan haka, mai karatu ya sani akwai wani ciwo na gado da likitoci ke kira hemofiliya, watau jinin mutum ya rasa abin da ke daskarar da shi. Likitan Andalus, Abul Ƙasim Azzahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya ambace shi a littafinsa Attasrif, inda ya ba da labarin wasu maza da ƙanƙanin rauni ke halaka su da zubar jini.

Galibi maza yake kamawa, ta wajen uwa kuwa ake gadonsa. Mace takan ɗauke shi ba ta sani ba, kowane ɗa namiji da ta haifa yana tsakanin kamuwa da kuɓuta, rabi da rabi. Saboda haka gidan da aka taɓa rasa yaro ko kawunsa wajen kaciya, lalle a gwada jinin sauran kafin a kira wanzami.

Ɓarnarsa mafi yawa a ɓoye take. Jini yakan tsiyaya cikin gwiwa, ko gwiwar hannu, ko idon sawu, gaɓa ta kumbura ta yi zafi. In ya yawaita, sai ya cinye guringuntsi, gaɓa ta ƙage, har saurayi ya kasa durƙusawa, balle tafiya Kurmi cin kasuwa. A nan ne ake kuskure, a ce sanyin ƙashi ne, a kai shi a yi masa tsaga ko ƙaho, ko maɗori ya murɗa ƙafar. Duk waɗannan ƙara zubar jinin suke yi. Haka kuma asfirin haɗari ne gare shi.

A da likitoci suna tsoron taɓa irin wannan mutum da wuƙa. A 1964 wata masaniya a Amurka, Judith Pool, ta gano hanyar tace abin daskarewar daga jinin mutane, a 1992 kuma aka fara sayar da wanda ake haɗawa ba daga jini ba. Sa'an nan aikin ya yiwu: ko a kankare fatar cikin gaɓa mai yawan zubar da jini, ko a sa gwiwar ƙarfe da roba a madadin wadda ta lalace.

Amma fa da sharuɗɗa. Sai an auna ko jikinsa na ƙin maganin. Sai an ɗaga abin daskarewar ya kusa kai na mai lafiya kafin a yanka, a kuma ci gaba da allurar har wajen kwana 14, domin na takwas, wanda mafi yawansu suka rasa, rabinsa yakan ƙare cikin awa 12 ko ƙasa da haka. Maganin da tsada, tilas a tanadi isasshe tun ba a fara ba, gama ƙarewarsa a tsakiyar jinya yana iya cin rai. Bayan aiki sai a daure da motsa gaɓar, kada ta sāke ƙagewa.

Mutanen birni suna da Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano inda likitocin jini suke. Wanda ɗansa ke yawan kumburin gwiwa ba tare da faɗuwa ba, ya nemi gwajin jini tun gaɓar ba ta lalace ba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin. Wassalam.