3.4 Yadda Ake Karanta Alƙaluman Katse Hanzari a Manhajar Linux

A wannan nazari an yi amfani da "katse hanzari" da ma'anar saƙon da wata na'ura, kamar kibod ko linzami, take aika wa sashen sarrafa aiki na kwamfuta, wato CPU, domin ya dakatar da abin da yake yi ya saurare ta. Kowane saƙo yana bin layi mai lamba da ake kira IRQ. Kwamfutar IBM PC ta 1981 layi 8 gare ta, sai a 1984 samfurin PC/AT ya zo da 16. Daga nan aka gaji al'adar ba agogon kwamfuta layi na 0, kibod kuma layi na 1.

Linux tana adana lissafin waɗannan saƙonni a fayil ɗin /proc/interrupts. Kowane jeri yana farawa da lambar layi, sai adadin saƙonnin da kowane CPU ya karɓa, a ƙarshe kuma sunan na'urar.

Inda mai karatu ya fi yin kuskure shi ne ɗaukar yawan adadi a matsayin alamar matsala. Lissafin tarawa yake yi tun daga lokacin da aka kunna kwamfuta. Alal misali, a tsofaffin samfurorin Linux agogo yakan katse hanzarin CPU sau 100 a kowace daƙiƙa, ke nan a yini guda zai tara 8,640,000 alhali lafiya lau yake. Shi kansa kibod, danna harafi ɗaya saƙo biyu ne aƙalla, na dannawa da na saki. Saboda haka, a ra'ayin wannan nazari, duba fayil ɗin sau ɗaya ba ya wadatarwa. Sai an duba sau biyu, a bar tazarar kamar daƙiƙa goma, sannan a ɗebe adadin farko daga na biyu.

Idan bambancin ya nuna dubban saƙonni a layin na'urar da ba a amfani da ita, to da walakin. Wanda ya jahilci haka yana iya sayen sabuwar kwamfuta saboda nauyin aiki, alhali kati ɗaya ne ya lalace. Haka kuma, idan na'urori biyu suna tarayya a layi guda, adadin nasu a haɗe yake, ba ya bayyana wadda ta fi aikawa.