Kafin Ka Ƙaura da Dokinka Zuwa Ƙauye

A wajen aikinmu na malaman gona mukan gamu da mutanen da suka gaji da zaman birni. Wani ya bar aikin gwamnati, wani kuma tsadar harawa ta ishe shi, kowa yana neman ƙauyen da zai kafa turke ya yi kiwon doki. Yawancinsu da sun ga ciyawa kore shar a bakin rafi sai su ce sun sami wuri. Mu kuwa mukan ce su dakata tukuna, gama sau da yawa wurin da ya fi ciyawa shi ne mai kashe doki.

Dalili na fari shi ne tsando. Wannan ƙuda yana son inuwa da laima, shi ya sa yakan zauna cikin kurmi da itatuwan bakin kogi. Cizonsa ne yake kawo sammore. Dokin da ya kamu yakan yi zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, ƙafafu da ƙarƙashin ciki su kumbura, ya yi ta ramewa ko da yana ci. In ba a yi magani da wuri ba sai asara. Saboda haka ne tun zamanin kakanni dawaki suka fi yawa a ƙasashen Kano, Katsina, Daura, Sakkwato, Borno da Damagaram, inda daji yake a buɗe, suka yi ƙaranci a kwarin Binuwai. A da tsaunukan Jos ba su da tsando saboda tudu da sanyi, mutanen wurin kuma suna da ƙuru, ƙananan dawakinsu masu ƙarfi. Amma yanzu an sami tsando a can ma. Kada ka dogara da labarin da. Ka tambayi makiyayan wurin ko sammore yana damun shanunsu, ka kuma nemi shawarar malamin dabbobi.

Na biyu, ka duba ƙasar da za ka gina barga. Jigawa mai rairayi ta fi fadama nesa ba kusa ba. Doki in ya daɗe tsaye cikin taɓo, kofatonsa yakan ruɓe. A wuri mai laima ne kuma ƙananan ƙwari masu cizo da magariba suke hayayyafa, su ne suke yaɗa muguwar cutar nan ta dawaki mai toshe numfashi. Ka gina barga a kan tudu, ka riƙa shigar da doki kafin faɗuwar rana, ka sa hayaƙi.

Na uku shi ne ruwa da abinci. Da bazara babban doki yakan sha kamar jarka 2 mai lita 20 a yini. Ciyawar damina irin su harkiya ba ta wuce 'yan watanni, rani kuwa a arewa yakan kai wata 7. Abin da zai riƙe doki a wannan lokaci shi ne harawar gyaɗa da ta wake, da dusa, da ɗan gero ko dawa, da kanwa. To, ƙauyen da ake noman gyaɗa da wake sosai ya fi maka amfani bisa ga wanda yake da daji kawai. Ka tanadi rumfar ajiye harawa tun da kaka, lokacin da take araha.

Kada kuma a manta da mutane. Ka je wurin dagaci da mai unguwa, ka san iyakar filinka a gaban shaidu, ka karɓi takarda daga ƙaramar hukuma. Ka tambayi zancen tsaro da satar dabbobi. Doki ɗaya in ya kwance ya shiga gonar maƙwabci da damina, ya isa ya ɓata zaman shekaru.

Shawararmu ita ce ka ziyarci wurin sau 2 kafin ka kwashe iyali. Ka je cikin watan Afrilu ka leƙa rijiya ka ga ko tana da ruwa. Ka koma cikin watan Agusta ka ga inda ruwa yake kwanciya, ka zauna har magariba ka ji irin ƙwarin da suke cizo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan wurin ya gamshe ka a waɗannan watanni biyu, sai ka kafa turkenka.