Allurar Jarirai: Kada Kati Ya Tsaya a Rabi

Yau za mu tattauna ne a kan riga-kafin yara, wanda yana cikin manyan abubuwan da hukumomin lafiya na Nijeriya suka sa a gaba.

Kin san a shekarar 2003 an ƙaurace wa ɗigon shan inna a wasu jihohin Arewa saboda jita-jita, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen maƙwabta. Daga baya sarakuna, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suka tashi tsaye wajen wayar da kai. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

To, amma fa da sauran aiki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a jihar Sakkwato yara 5 kacal cikin 100 ne suka kammala allurorinsu. Ɗigon da ake kawo miki har cikin gida na shan inna ne kawai, ba ya kare yaro daga ƙyanda ko mashaƙo ko tarin fuka. Waɗannan sai an je asibiti.

Ga lokutan, ki riƙe su. Na farko da zarar an haihu, tun kafin suna. Na biyu a sati 6, wato kwana biyu bayan arba'in. Sai sati 10, sai sati 14. A wata 9 a yi na ƙyanda da shawara, a wata 15 a maimaita na ƙyanda. Ana maimaitawa ne don jikin yaro ya ƙara ƙarfin kāriya, allura ɗaya ba ta wadatarwa. A asibitin gwamnati kyauta ake yi. In jikinsa ya ɗan yi zafi bayan allura, kada ki tsorata, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ki gaya wa maigida ranar tun da wuri, ki nuna masa katin. In fita ba za ta yiwu ba, a roƙi kaka ko gwaggo ta kai yaron. In kuma ranar ta wuce, a kai shi hakanan, za a ɗora daga inda aka tsaya.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.